Wutar da Aka Yanke wa Maraɗi: Shaidar Wani Tsohon Ma'aikacin Masaƙa a Kaduna

Ni mutumin Tudun Wada ne a cikin garin Kaduna, an haife ni a 1962, kuma duk abin da na ci na sha a rayuwata, bayan ikon Allah, ta hanyar mai da wutar lantarki ya zo mini. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban tankar mai ne da ya daɗe yana ɗauko fetur da kananzir daga kudu zuwa garuruwan Arewa. Ni kuma na koyi aikin lantarki, na yi wa wata masaƙa aiki a Kakuri har ranar da aka garƙame ƙofarta, daga nan na buɗe shagon gyaran janareta da naɗin waya, wanda a yanzu rabin aikinsa haɗa sola ne. Asalin gidanmu Maraɗi ne, domin daga can mahaifina ya taso yana saurayi ya zo Kaduna neman aiki, ya bar ƙanwarsa, wato gwaggona, tare da sauran dangi. Na ambaci wannan tun farko ne saboda shaidar da zan bayar ta shafi ɓangarorin iyakar biyu. Abin da na gani shi ne, duk lokacin da wata ƙasa ta riƙe mai ko iskar gas ko wuta domin ta matsa wa wata lamba, wanda ake nufi da dukan daban, wanda dukan ke sauka a jikinsa daban.

Ina ɗan firamare na fara jin ana kiran mai makami, cikin azumin 1973. Mahaifina da abokansa sukan zauna a zaure bayan sallar asham su kewaye rediyo, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa. Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Oktoba tsakanin Masar da Siriya a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen, sai ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙowa, suka kuma daina sayar wa Amurka da Holan saboda goyon bayan da suke ba Isra'ila. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, har aka hana fita da mota ranar Lahadi a Holan da Jamus ta Yamma. A zaurenmu murna ake yi, ana yaba wa Sarki Faisal na Saudiyya, kuma na san yara da dama a unguwarmu da aka raɗa wa sunansa a wannan tsakanin. Nijeriya, wadda ta shiga OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a 1971, ba ta cikin masu takunkumin, sai ta ci gaba da sayar da manta a sabon farashi. Kuɗi suka shigo wa gwamnatin Janar Gowon, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, Kaduna ta cika da sababbin babura da rediyo mai kaset.

Mahaifina ne kaɗai a zauren nan yake sanya wata magana a tsakiyar murnar, saboda shi yana zuwa Maraɗi yana gani. A daidai wannan lokaci fari ya cinye ƙasar Nijar, dabbobi sun ƙare, mutane suna gangarowa kudu da 'ya'yansu suna neman abin kai wa baki. Nijar ba ta haƙo mai a wancan zamani, saye take yi, kuma sabon farashin bai tambayi wanda ke goyon bayan Isra'ila da wanda ba ruwansa ba. Motar da za ta ɗauki hatsin agaji ta kai Tawa ko Agadas da man da ya ninka kuɗi take tafiya. Yakan ce wa abokansa su yi murna, amma su tuna cewa Ba'amurke layi kawai ya bi a gidan mai, mutumin ƙauyen Maraɗi kuwa tsadar ta same shi ne a kan yunwa. Maganar ta zauna mini, ko da yake sai da na girma na ga iyakar zurfinta.

A 1979 kuma ƙasarmu ce da kanta ta ɗaga wannan makami. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin BP na Birtaniya a Nijeriya, ana gab da taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka. Dalilin da aka bayar shi ne man da ke isa Afirka ta Kudu ta masu wariyar launin fata, amma kowa ya fahimci cewa saƙo ne ga sabuwar Firaminista Margaret Thatcher, wadda ake tsoron za ta amince da gwamnatin Muzorewa mai samun goyon bayan Turawa 'yan tsiraru a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, ta kuma janye takunkumin da aka sa wa ƙasar. Da idona na ga an sauke allunan BP a gidajen mai na Kaduna an ɗora na AP. Kafin ƙarshen shekarar aka zauna sulhu a Landan, Zimbabuwe ta sami 'yanci a Afrilun 1980. Har gobe ina ganin wannan mataki a matsayin abin alfahari, kuma dalilina shi ne dukan ya sauka inda aka nufa, wato a kan babban kamfani da gwamnatin da ke bayansa. Babu asibitin da ya shiga duhu a Ingila saboda shi, babu uwar da ta rasa ruwan sha.

Na shiga masaƙa a farkon shekarun 1980, lokacin da Kakuri ke cika maƙil da ma'aikata idan an tashi aiki, har mai keke sai ya sauka ya tura. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 a kan hanyar Kachia, kuma daga can ake kawo mana baƙin mai da muke hura tukunyar tururi da shi, wadda idan ta mutu rini da wanki da busar da yadi duk sun tsaya. A nan na fahimci irin siririn zaren da Arewa ke rataye a kai. Ɗanyen man da matatar ke tacewa ta bututu yake zuwa daga yankin Neja Delta, tafiyar ɗaruruwan kilomita, wani nau'in mai nauyi ma daga ƙasashen waje ake sayo shi domin yin man giris da kwalta. Duk ranar da aka fasa bututun a wani surƙuƙi da ba mu taɓa gani ba, mu a Kakuri sai an rage mana kwanakin aiki. A 1994, da ma'aikatan mai suka tafi yajin aiki na makonni saboda rikicin zaɓen 12 ga Yuni, sojojin da ake so a girgiza ba su rasa man zuba wa motocinsu ba. Mu ne muka riƙa takawa a ƙasa daga Tudun Wada zuwa Kakuri, matanmu suka koma itace da gawayi, 'yan bumburutu suka zama sarakunan titi. Rufe masaƙun da ya biyo baya yana da dalilai da yawa, har da yadin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, amma ni da na tsaya a gaban tukunyar na san cewa tsadar baƙin mai da rashin tsayayyar wuta sun karya mu tun kafin yadin waje ya ƙarasa mu.

Da na koma sana'ar janareta sai na zama mai bin labaran makamashi kamar yadda manomi ke bin hadari, domin abin da ya faru a wata nahiya yakan iso bakin shagona kafin wata ya zagayo. Na ji lokacin da Rasha ta rufe wa Yukren iskar gas a Janairun 2006, ta sake rufewa a Janairun 2009 cikin tsananin hunturu, har gidaje suka rasa ɗumi a Bulgeriya da wasu ƙasashen gabashin Turai da ba su da hannu a rigimar. Na ji yadda Sudan ta Kudu ta dakatar da haƙo manta gaba ɗaya a farkon 2012 saboda saɓani da Sudan a kan kuɗin bin bututu, alhali kusan duk kuɗin shigarta daga man ne. Aljeriya ma ta daina tura gas ta bututun da ya ratsa Maroko a ƙarshen Oktoban 2021, bayan ta yanke hulɗar jakadanci da ita.

Amma 2022 ce ta shigo mana har cikin ɗaki. Kafin yaƙin Yukren, kusan kashi 40 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke saye daga waje na Rasha ne. Turawa suka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi, ita kuma ta ce sai dai a biya ta da kuɗinta na rubul, ta rufe wa Polan da Bulgeriya a Afrilu, ta yi ta rage abin da ke bi ta bututun Nord Stream zuwa Jamus har ya tsaya cak a ƙarshen Agusta, kafin a fasa shi a ƙarƙashin teku a watan Satumba. Turai mai kuɗi ce, sai ta bazama duniya tana saye da kowane farashi, ƙasashe marasa ƙarfi suka koma kallo. A nan Kaduna litar man dizal, wadda ba ta kai naira 300 ba a farkon shekarar, ta doshi naira 800 kafin ƙarshenta. Masu injin niƙa da masu gidan burodi da nake yi wa gyara suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya kawo mini babban injinsa ya ce in nemo masa mai saye ko nawa ne. Takin zamani, wanda da iskar gas ake yin wani nau'insa, ya yi tsadar da ta sa manoman masara a wajajen Saminaka da Giwa suka rage gonaki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da zai iya nuna maka Yukren a taswira.

Duk wannan, na ɗauke shi a matsayin guguwar manya da ke wucewa ta kanmu. Abin da ya taɓa ni a tsoka shi ne na 2023, domin a wannan karon hannun da ya kashe makunnin daga ƙasata yake, wadda aka kashe wa kuma jinina ce.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, tana aure a Maraɗi a gidan jikan gwaggona, auren zumunci irin wanda ya riƙe danginmu tun kafin a haife ni. Mijinta mai walda ne, yana da shago da yara masu koyon aiki, ita kuma tana ƙulla ƙanƙara da zoɓo tana sayarwa a gida. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, suka ba sojojin wa'adin mako guda. A farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar.

Wanda bai san yadda wayoyin suke ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa. Babban layi guda ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Dosso da Yamai, wani kuma ya tashi daga Katsina ya shiga ya ciyar da yankin Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1970 ake wannan ciniki, kuma tun muna samari muke jin manyan ma'aikatan lantarki suna bayyana hikimarsa: kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, sannan ya wuce Jebba, saboda haka gara a sayar wa maƙwabci wuta cikin rahusa da a bar shi ya tare ruwan daga sama. Wato tsari ne na cuɗe ni in cuɗe ka, wanda ya tsallake juyin mulki iri-iri a ƙasashen biyu ba tare da an taɓa shi ba. Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a 1974, Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi nasa a 1996, Salou Djibo ya yi a 2010, mu ma a nan sojoji sun yi ta hawa suna sauka, amma ba a mayar da wayar bulala ba sai a wannan karon.

Uwata tana da tsohon ciki a lokacin. Kiranta na farko bayan yanke wutar gajere ne, domin tana tsoron cajin wayarta ya ƙare. Ta ce, “Baba, wai da gaske ku ne kuka ɗauke mana wuta?” Na ce mata, “Uwata, ba mu ba ne, gwamnati ce.” Ta ce, “To ai a nan cewa ake yi Nijeriya.” Ban sami abin da zan ƙara mata ba, saboda ni ma na san wanda ke cikin duhu ba ya rarrabe gwamnati da mutanen ƙasa.

Kamfanin wutar ƙasarsu ya tayar da injinan da yake da su yana rarraba ɗan abin da ya samu unguwa-unguwa, wani lokaci a kawo cikin dare na 'yan sa'o'i a ɗauke. Sana'ar ƙanƙara ta mutu a makon farko, firjin ya koma ma'ajiyar kwanuka. Famfon unguwarsu ya riƙa ƙafewa saboda da wuta ake turo ruwan, kuɗin jarka a wurin 'yan garuwa ya tashi. Surukina, wanda kunya ba ta barinsa ya kawo mini kuka, sai ta bakin ƙaninsa na ji cewa ya sallami yaran shagonsa. Yana da janareta, ni ma na haɗa masa shi da hannuna, amma fetur ɗin da Maraɗi ta saba sha na Nijeriya ne da 'yan ruwa-ruwa ke shigarwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a nan ranar 29 ga Mayu farashinsa ya riga ya ninka, rufe iyaka ya zo ya ƙara masa. Idan ya saya ya yi walda, kuɗin ƙofar da ya haɗa ba ya mayar da kuɗin man. Ga damina, ga sauro, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, ga magungunan da akasarinsu ta tashar Kwatano ko ta Nijeriya suke shigowa sun maƙale a iyaka.

Cikin dare naƙuda ta kama ta. A ƙaramin asibitin da aka kai ta babu wuta, man janaretansu kuma suna tattalinsa saboda aikin da ya fi tsanani, sai da fitilar waya ungozoma ta karɓi haihuwar, ƙanwar mijin tana riƙe da wayar. Allah ya sauke ta lafiya, kuma ina yi wa ma'aikatan wurin addu'a har yau, domin sun yi abin da za su iya da abin da ke hannunsu. Mahaifiyarta ta so tafiya wankan jego kamar yadda al'ada ta tanada a haihuwar fari, amma iyakar Jibiya a rufe take. Akwai masu bi ta daji a kan babur, sai dai hanyar ba ta da aminci saboda 'yan bindiga, ban yarda ta bi ba. Ta waya muka ji an yi huɗuba, ta waya aka gaya mana sunan, ragon ma kuɗinsa na aika ta hannun wani ɗan kasuwa da ke da abokin hulɗa a can, domin hanyar banki ta toshe.

Ba na goyon bayan juyin mulki. Na rayu a ƙarƙashin sojoji tsawon ƙuruciyata, na san abin da ake rasawa idan bindiga ta zama ita ce kundin tsarin mulki, kuma tsare zaɓaɓɓen shugaba da iyalinsa zalunci ne ko wane ne ya yi. Amma a matsayina na wanda ya san aikin wuta, ina iya rantsuwa cewa babu barikin soja ko fadar mulki da ke kwana cikin duhu don an yanke layin Birnin Kebbi. Irin waɗannan wurare suna da manyan injina da tankunan dizal, kuma su ake fara ba duk ɗan abin da ya rage. Wanda ke biya shi ne mai walda, da tela, da mai niƙa, da mai ciwon sukari da ke ajiye allurarsa a firji, da jaririn da aka haifa bai cika wata ba. An yi lissafin cewa wahala za ta sa jama'a su juya wa sojoji baya, sai aka sami akasin haka. Dangina da na san ba su taɓa son mulkin soja ba suka koma suna kare shi, saboda a ganinsu ƙasarsu ce aka shaƙe, kuma 'yan'uwansu ne suka shaƙe ta.

A Kaduna ma maganar ta yi zafi. A masallatai an yi ta alƙunutu, a majalisun unguwa babu zancen da ya wuce na Nijar, domin da wuya ka sami gida a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi da ba shi da wani a ƙetaren iyakar. Sanatocin Arewa sun fito sun ƙi amincewa da yaƙi, Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi sun je Yamai, tawagar malamai ma ta je ta gana da Janar Tiani. A wani karatu da nake zuwa tsakanin magariba da lisha, malaminmu ya kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Musulmi sun yi tarayya a cikin abubuwa uku: ciyawa da ruwa da wuta. Ya yi bayani cewa wannan bai hana a sayar da lantarkin da aka kashe dukiya aka samar ba, amma ya nuna matsayin abubuwan da rai ba ya tsayuwa sai da su, da kuma nauyin da ke kan wanda Allah ya damƙa wa su. Na tambaye shi, “Allah gafarta Malam, to wanda ya hana maƙwabcinsa wuta domin ya hukunta wani na uku fa?” Ya ce mini babu rai da ke ɗaukar laifin wani rai.

Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS. Janar Gowon, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1975, ya fito ya roƙi a janye takunkumin, kuma ranar 24 ga Fabrairu aka janye shi bisa dalilan jin ƙai. A watan Maris, ana cikin azumi, aka buɗe iyaka daga ɓangarenmu aka mayar da wuta. Wata bakwai aka yi ana wannan hali, Bazoum bai koma kujerarsa ba, sojoji ba su sauka ba, ƙungiyar kuma ta yi asarar ƙasashe uku.

Adalci ne in faɗi cewa mahukuntan Nijar su ma sun ɗauki makamin nan da zarar ya zo hannunsu. Akwai bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 da kamfanin ƙasar Sin ya shimfiɗa daga rijiyoyin Agadem zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin. A Mayun 2024 Benin ta hana a yi lodin man Nijar a jirgi saboda Nijar ta ƙi buɗe iyakarta, daga baya Nijar ta rufe bututun daga nata ɓangaren bayan an kama wasu 'yan ƙasarta a tashar. Ƙasashe biyu matalauta, kowace tana riƙe da bakin bututu guda, kowace tana asarar kuɗin da za ta gina asibiti da shi. Haka kuma sun karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, sanin cewa da makamashin nukiliya Faransa ke samar da mafi yawan wutarta.

Mu ma Allah ya ɗanɗana mana abin da Maraɗi ta sha. A Oktoban 2024, bayan an lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando, sannan wani layin da ke kawo wa Arewa wuta ta jihar Binuwai ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu fiye da mako guda. Masu kifi da kaji suka zubar da kaya, asibitoci suka koma kan dizal, wuraren cajin waya suka cika. Uwata ce ta kira ni a wannan karon tana yi mini jaje, ta ce, “Baba, ku yi haƙuri, mun san ciwon.” Namu na kwanaki ne kuma ɓarna ce ta miyagu, amma ya ishe ni in auna abin da ke zuciyar mutumin da ya yi wata bakwai a haka yana sane cewa da gangan aka yi masa.

Abin da ya fi damuna a yau shi ne amanar da ta zube. Nijar ta kunna tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai ana tsakiyar takunkumin, kuma tana son ganin an kammala madatsar Kandadji a kan kogin Kwara, a sama da Yamai, wato daidai abin da aka daɗe ana sayar mata da wuta don kada ta matsu da shi. Turai ma haka ta yi wa Rasha, ta gina tashoshin sauke gas daga jiragen ruwa ta koma saye daga Amurka da Norwe da Ƙatar, Rasha ta rasa kasuwar da ta yi rabin ƙarni tana ginawa. Ga shi kuma muna jiran bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, wanda mu tsofaffin ma'aikatan Kakuri muke fatan ya farfaɗo da masana'antu ko don jikokinmu. Burin da ake da shi shi ne wata rana a zarce da shi ta cikin Sahara har Aljeriya, daga can zuwa Turai. Babu hanyar da zai bi sai ta ƙasar Nijar, kuma a ranar makunnin zai kasance a hannun mutanen da muka nuna wa cewa ana iya kashe shi saboda siyasa.

Da iyaka ta buɗe na ɗauki mahaifiyar Uwata muka bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa muka je muka ga jikanmu, ya riga ya fara zama. Na tafi da faifan sola da batir da inbata a bayan mota, na haɗa musu abin da zai riƙe firji da fanka da fitilu. Surukina ya tsuguna ya yi godiya, sannan ya roƙe ni, kansa a ƙasa, in yi masa lissafin abin da zai ci a mayar da shagon waldar kan sola gaba ɗaya. Na gaya masa gaskiya cewa injin walda yana jan wuta da yawa, kuɗin zai yi nauyi, kuma tun da an dawo da wutar layi ya fi masa sauƙi ya ci gaba da ita. Ya ce, “Baba, na sani, amma wadda aka taɓa ɗaukewa saboda faɗan da ba namu ba, za a iya sake ɗaukewa.” Ya sayar da filin da ya gada a bayan gari ya biya rabin kuɗin, sauran yana turo mini kaɗan-kaɗan. Maƙwabtansa da suka ga aikin sun haɗa kuɗi ta hannun mai unguwa domin a sa wa rijiyar burtsatsen masallacinsu famfo mai aiki da rana, kuma ni suka ba aikin. Kayan suna shagona, bayan Sallah zan kai su in Allah ya yarda.